Tambayoyinku Kan Buɗaɗɗun Manhajojin Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Na koma LibreOffice, amma duk takardar da na tura wa masu amfani da Word sai su ce layuka sun goce, shafi biyu ya zama uku. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Galibi salon haruffa ne ke jawo wannan. LibreOffice Writer, wato manhajar rubutu ta LibreOffice mai aiki irin na Word, kan fara rubutu da salon Liberation Serif, wanda yawancin masu Word ba su da shi. Sai Word ta maye gurbinsa da wani mai faɗi dabam, layi ya ƙara tsawo, tebur ya zame zuwa shafi na gaba. Tun kafin ka soma rubutu, zaɓi Times New Roman ko Arial. Idan kuma kai aka turo wa takarda mai Calibri ko Cambria, saka Carlito da Caladea a kwamfutarka. An ƙera su ne da faɗin haruffa daidai da na waɗancan biyun.

Sai batun ajiya. LibreOffice na ajiye aiki a tsarin odt. Shiga Tools, sai Options, sai Load/Save, sai General, ka mayar da Always save as zuwa docx, wato tsarin Word. Ka kuma daina jera rubutu da yawan danna madannin tazara, domin wannan tsarin shi ne farkon rushewa. Tebur ya fi riƙe abu a wurinsa. Takardar da karantawa kawai za a yi, fitar da ita a PDF, ba abin da zai motsa.

Tambaya: Laftof ɗina tsohuwa ce, RAM ɗinta gigabait 4, Windows 10 ke kanta. Wace Linux za ta ɗauka?

Amsa: Malama, kin yi tambayar a kan gaɓa, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Shawararmu Linux Mint ce (ɗaya daga cikin ire-iren Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows), nau'in Xfce, don ba ya cin RAM kamar nau'in Cinnamon. Mint 22 za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029, kuma tana buƙatar fili aƙalla gigabait 20.

Sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ake girka Mint da shi, daga shafin Mint na ainihi, ki ɗora shi a filas mai gigabait 8 da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Duk abin da ke cikin filas ɗin zai goge. Ki tayar da laftof ɗin daga filas, kada ki girka tukuna: gwada Wi-Fi, sauti, kyamara da firinta. Idan Wi-Fi ya ƙi fitowa, sau da yawa katin Wi-Fi ɗin na kamfanin Broadcom ne. Bayan girkawa ki jona wayar intanet, ki buɗe Driver Manager ki saka direbansa, wato manhajar da ke sa katin aiki. Kwafe fayilolinki zuwa wani faifai kafin komai, domin zaɓin Erase disk da za ki gani yayin girkawa ba ya barin ko hoto ɗaya.

Tambaya: Na gyara hoto a GIMP, na ajiye, amma waya ta ƙi buɗe shi.

Amsa: Save a GIMP fayil ɗin xcf yake bayarwa, na ci gaba da aiki ne kawai. Danna File, sai Export As, ka ƙare sunan da png ko jpg. Idan hoton ba shi da bango, zaɓi png, saboda jpg zai cike wurin da launi.