Wane allon zamiya zan saya don dusar ƙanƙara mai zurfi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Ni ɗalibi ne a Erzurum ta ƙasar Turkiyya, na zo hutu gida Unguwar Rimi. Hunturu biyu ke nan ina koyon zamiya a Dutsen Palandoken, amma a kan hanyar da injin ya daddale. Bana ina so in fita gefe, inda dusar take lugui-lugui. Wane allo zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka taɓa lura da raƙumi da jaki a cikin yashi? Kofaton jaki nutsewa yake, tafin raƙumi kuwa shimfiɗewa yake a sama. To, abin da za ka fara dubawa ke nan: faɗin allon a tsakiya, daidai ƙarƙashin takalminka. Na daddalalliyar hanya yakan kai milimita 70 zuwa 85. Na dusa mai zurfi daga 105 ne zuwa sama. Ranar da na fara fita gefe da siririn allo, har gwiwa na lume, goshinsa ya caki dusa, na kifa.

Goshin ma ka duba shi. Ana son wanda ya ɗaga tun daga nesa, kamar na kwale-kwalen masunta a Kogin Kaduna, domin ya riƙa hawa dusar. Tsawo kuma ya kai kanka ko ya ɗan ɗara.

Amma ni da za ka ji tawa, kada ka yi tsalle zuwa mafi faɗi. A kan ƙanƙara mai tauri yana da wuyar juyawa, yana kuma gajiyar da gwiwa, ga shi ba kullum sabuwar dusa take zuba ba. Mai milimita 100 zai yi maka duka biyun. Ka yi hayarsa kwana biyu kafin ka zuba kuɗinka.

Abin da ya fi damuna shi ne zaftarewar dusa. Wanda ta binne, in aka wuce minti 15 ba a tono shi ba, abin ya fara yin muni. Kafin allo, ka sayi na'urar gano wanda aka binne, da sandar caka dusa, da shebur, ka koyi aiki da su. Kada ka fita kai kaɗai, ka bi ɗan jagora wanda ya san dutsen. Kuma ka sanar da Hajiyarka kafin ka koma. Allah ya tsare.