Tohon Tsakiyar Dabino Ya Zare Bayan Hunturu: Ya Mutu Ke Nan?

FILIN TAMBAYA DA AMSA A KAN LAMBU

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai sayar da furanni da itatuwan ƙawata gida ne a bakin titi a Ikoyi, kuma na haura shekara 20 a wannan sana'a. 'Yata tana aure a Manchesta ta ƙasar Ingila, kuma a tsakar gidan da suka saya akwai wata bishiya 'yar dangin dabino, ganyenta kamar mafici, gangar jikinta kuwa duk gashi kamar buhun algarara. Da sanyin bana ya wuce, ta ɗan ja sabon ganyen tsakiya wanda bai buɗe ba, sai ya zare ya biyo hannunta, gindinsa ya ruɓe yana wari, alhali sauran ganyen kore ne shar. Mijinta ya ce a sare ta a huta. Ita kuma ta kira ni domin ta ɗauka babu abin da ban sani ba a kan itace, ni kuwa ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firiji. A nan Legas idan kwakwa ta yi haka da damina mukan cire tsammani. Shin ita ma wannan haka take?

Daga mai karatu a Obalende, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kafin komai, ka gaya wa surukinka ya ajiye zarto, domin zarewar tohon tsakiya bayan sanyi ba ita ce mutuwar bishiyar ba, musamman tun da ka ce sauran ganyen suna nan kore.

Yadda ka siffanta ta, wannan ita ce wadda masana suke kira Trachycarpus fortunei. Asalinta daga ƙasar Sin ne, kuma sunanta na biyu ya samo asali daga Robert Fortune, ɗan ƙasar Sikotilan wanda ya aika da ita lambun Kew na Landan a 1849. A cikin dangin dabino masu doguwar ganga tana cikin waɗanda suka fi jure sanyi, domin babbar bishiya takan tsallake sanyin da ya kai wajen digiri 15 ƙasa da sifili, inda dabinon tsibiran Kanari, wanda shi ma ake yawan dasawa a can, yakan jigata tun wajen digiri 8 ƙasa da sifili, kwakwa kuwa ko kusa ba ta iya zama a irin wannan wuri. Saboda haka 'yarka ta yi sa'ar iri.

Abin da ya kamata a fahimta kai ma ka san shi daga aikinka, ko da ba ka taɓa ba shi suna ba. Mangwaro ko darbejiya idan aka sare musu kai sai su tofo ta gefe, amma dabino da kwakwa da giginya zuciya ɗaya tak suke da ita, tana ɓoye a cikin ƙoƙon kai, kuma daga nan kowane ganye yake fitowa. Shi ya sa masu tatsar bammi da suke huda kan giginya suke kashe ta, shi ya sa kuma goruba, da take rabuwa biyu ta yi rassa, ta zama bare a cikin dangi. To, abin lura a nan shi ne wannan zuciyar tana can ƙasa da gindin ganyen da ya zare. Gindin sabon ganye shi ne nama mafi taushi a jikin bishiyar, don haka shi ne sanyi yake fara kashewa. Idan ya mutu, ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suka taru a wurin, sai ƙwayoyin bakteriya da funfuna su kama mataccen naman, makonni bayan sanyin ya wuce a ga ganye ya zare. Sau da yawa zuciyar tana da rai a lokacin, kuma abin da zai kashe ta shi ne ruɓar da take gangarowa a hankali daga sama. Manchesta gari ne mai yawan ruwan sama, kuma sanyi mai laima ya fi busasshen sanyi cutar da waɗannan itatuwa.

Aikin da ke gaban 'yarka, saboda haka, shi ne ta tsabtace ramin da ganyen ya bari, ta busar da shi, ta hana ruwa komawa. Ta ja ganyayen da ke kewaye da ramin a hankali, duk wanda ya biyo hannu ba tare da ƙarfi ba ta cire shi, sannan ta kwashe ruɓaɓɓen naman iya inda hannunta ya kai, ta tsotse ruwan da ke ciki da sirinji ko ta tura tsumma ya shanye shi. Bayan haka sai ta zuba haidurojin, wato ruwan wanke ciwo mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 da ake sayarwa a kemis. Za ta ga yana kumfa, kuma idan kumfar ta lafa sai ta sake tsotse shi, kada ta bar shi ya kwana a ciki. Wasu masu lambu sukan yi amfani da maganin funfuna mai sinadarin jan ƙarfe, irin wanda manoman koko suke fesawa a Ondo, su maimaita sau ɗaya bayan kamar kwana 10, amma ba a yawaita shi domin yana ƙona sabon tsiro. A ganina, ko wanne ta zaɓa, maganin mataimaki ne kawai, bushewa ce babban aiki. Ta yi wa kan bishiyar rumfa da wani abu da zai tare ruwa ya bar iska tana ratsawa ta gefe. Kada ta toshe bakin ramin, kada kuma ta naɗe kan da leda, domin leda tana tara gumi, ta mayar da wurin abin da ake gudu.

Akwai kuskure biyu da tausayi yake jawowa. Na farko shi ne aske ganyen da suka ƙone a baki don bishiyar ta yi kyan gani, alhali duk ganyen da yake da sauran kore shi ne yake ciyar da ita har ta fitar da sabo. Wanda ya bushe ƙurmus ne kaɗai za a yanke. Na biyu shi ne zuba taki da ruwa da yawa don a ƙara mata ƙarfi, wanda bai kamata ba sai an ga sabon tsiro ya motsa.

Daga nan sai jira, wanda shi ne ya fi wuya ga mai gaggawa irin surukinka. Bishiyar ba ta girma sosai sai ƙasa ta ɗumama, wato daga watan Mayu zuwa gaba. Duk mako 'yarka ta haska tocila cikin ramin, ta kuma sansana. Idan wari ya ragu, kuma ta hango wani abu fari ko ruwan ɗorawa yana tasowa, to an tsira. Ganyen farko za su fito gajeru, a murɗe, da bakinsu a cinye, kuma wannan ba wata sabuwar cuta ba ce, tabon ciwon da ya wuce ne. Tana iya zana layi da alƙalami a kan sabon tsiron da ganyen da ke kusa da shi, idan layin ya rabu bayan kwana biyu ko uku ta san yana tafiya.

Idan kuwa zafi ya shigo, wari bai daina ba, ramin yana ƙara zurfi, sai a koma ga zarton, amma ba don a kayar da ita ba. Ana yanke kan gangar daga sama, yanka-yanka, kowane yanka bai wuce santimita 2 ko 3 ba, ana duba tsakiya, har a iske nama mai tauri, fari, mai zobba a jere kamar an yanka albasa. Nan ake tsayawa, a wanke, a yi rumfa, kuma idan zuciyar tana da rai tsakiyar yankan takan kumburo cikin 'yan kwanaki. Wannan mataki ne na ƙarshe domin yana cin ganyen da suka rage, kuma wanda ya zarce da yanka zai yanke zuciyar da kansa. Idan an yi ta yanka ba a iske komai ba sai baƙin taɓo, ko kuma gangar ta yi laushi tana tsiyayar ruwa, to surukinka ya yi gaskiya. In ba haka ba, a ba ta har ƙarshen watan Agusta kafin a yanke hukunci.

Game da kwakwarku ta Legas kuwa, cire tsammanin da kuke yi yana da dalili, domin alamar ɗaya ce amma musabbabin daban. A nan babu sanyin da zai kashe gindin ganye ya bar zuciya. Abin da yake kawo ruɓar kai da damina, a Badagiri da sauran bakin teku, yawanci wata ƙwayar cuta ce mai suna Phytophthora, 'yar gida ɗaya da mai baƙanta 'ya'yan koko, wadda take cin zuciyar kai tsaye, ko kuma buzuzun kwakwa mai ƙaho da yake huda kai ya buɗe wa gundar dabino da ruɓa ƙofa. Kafin ganye ya zare an riga an makara, sai dai a sare bishiyar a ƙone kanta, a fesa wa na kusa da ita maganin jan ƙarfe. Cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, wato NIFOR, tana da reshen kwakwa a Badagiri, kuma nan ne wurin kai irin wannan matsala idan ta yawaita a wurinka.

Idan Allah ya sa ta 'yarka ta farfaɗo, hunturu mai zuwa za ta shiga shi da rauni, don haka tun watan Nuwamba a mayar mata da rumfar, kuma a daren da aka yi hasashen sanyi mai tsanani a tattara ganyen sama a ɗaure, a naɗe da mayafin lambu mai barin iska ta shiga, a kwance shi da zarar sanyin ya sassauta.