Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan ƙaninta da rediyo

'Yar'uwa, kin ce ƙaninki ya daina fita, kullum yana ɗaka da rediyo a kunne, kina tambaya ko waƙa za ta warkar masa da damuwa. Allah ya ba shi lafiya.

Na daɗe ina gabatar da shirin zaɓi-sonka na dare a nan Jos. A lokutan dokar hana fita, masu bugo waya da yawa ba waƙar ce ta dame su ba, so suke wani ya amsa musu sallama. In na sa kuntigin marigayi Ɗan Maraya, sai ki ji muryar mai kira ta sake. Kiɗa mai sanyi na sassauta numfashi da bugun zuciya, yana kawo barci. Ni kaina, bayan rasuwar mahaifiyata, da shi na riƙa lallaɓa zuciyata har na iya komawa bakin aiki.

Amma don Allah kada ki tsaya nan. In ya haura mako 2 ba ya ci, ba ya barci, ko kuma in yana yawan zancen mutuwa, ki kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH). Kar ki ƙwace masa rediyon. Ki zauna ku saurara tare, ko da bai ce miki uffan ba.