Giyabos ya ƙone min sau biyu a Silverado: wanne zan saka da zai ɗauki ƙarfin injin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Chevrolet Silverado 1500 ƙirar 2004, tokumbo, mai ja da ƙafa huɗu. Bara na sauke injinta na 5.3 na ɗora 6.0, kuma ina da niyyar ƙara masa turbo bayan damina. Ina jan tirelar doya da masara da ita daga gonata a wajen Lafiya zuwa Jos, wani lokacin kuma ina so in taka ta a kwalta in ji ƙarfinta. Sau biyu ke nan giyabos ɗin otomatik yana ƙonewa: giya ta uku ta fara zamewa, daga baya motar ta ƙi wuce ta biyu. Wani ya ce in nemo Allison, wani ya ce mai giya shida, makanikena kuma ya ce a sake zuba faiba kawai. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka nemi giyabos ɗin da ake kira 4L80E. Amma ka karanta har ƙasa kafin ka tafi kasuwa, domin sayen giyabos ɗin shi ne ɓangaren aikin da ya fi sauƙi.

Wanda ke cikin motarka yanzu 4L60E ne, shi GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, ya riƙa sakawa a ƙananan Silverado na wannan zamanin. Sunan ma yana faɗin aikinsa: 4 giya huɗu, L injin da ke kwance a miƙe daga gaba zuwa baya, 60 matakin ƙarfinsa, E kuma kwamfuta ce ke canza masa giya. An ƙayyade masa ƙarfin murɗa na inji kimanin Nm 490. Injin 6.0 da ka ɗora, ko ba ka taɓa masa komai ba, a daidai wannan iyakar yake. Ke nan tun ranar da ka tayar da shi giyabos ɗin yake aiki a bakin ƙarfinsa, ga tirela a baya, ga Hawan Kibo a gaba. Alamar da ka faɗa kuwa duk wanda ya daɗe yana buɗe 4L60E ya san ta: faibar da ke riƙe giya ta uku da ta huɗu ce ta ƙone, wato faya-fayen kuloci da ke cikin giyabos. Ƙanana ne, wurin zamansu a matse yake, kuma su ne ke fara sallamawa. Makanikenka bai yi ƙarya ba, in ya zuba sabuwar faiba motar za ta tashi. Sai dai ranar da turbo ya hau, ka sa rai da ƙonewa ta uku, wataƙila ma wannan karon har da ƙarfe.

Abin da ke kashe giyabos ba ƙarfin doki ba ne da ake yawan alfahari da shi. Ƙarfin murɗa ne, wato yadda injin ke murɗa sandar da ta shiga giyabos, sai nauyin da aka ɗora, sai zafi. Turbo kuwa murɗa yake ƙarawa, kuma tun injin bai yi nisa da juyi ba yake kawo ta gaba ɗaya. Da waɗannan ukun ake auna giyabos, ba da yawan giya ba.

Shi 4L80E ɗa ne ga TH400, tsohon giyabos mai giya uku da GM ya fitar a 1964, wanda har gobe masu tseren mota a Amurka suke nema. A 1991 aka ɗauki kayan cikin TH400, aka ƙara masa giya ta huɗu ta doguwar tafiya da kwamfuta, daga nan aka riƙa saka shi a manyan motocin aiki: Silverado 2500 da 3500, Suburban 2500, bas ɗin Express da Savana, har da Hummer H1. Ƙayyadadden ƙarfinsa kusan Nm 600 ne, kuma an san yana da rara sosai a kan haka. In ka ajiye gangar kulocinsa kusa da ta 4L60E a kan benci, ba sai an yi maka bayani ba. Akwai kuma ƙaninsa 4L85E da aka ƙara wa ƙarfin haƙora, in ka ci karo da shi a farashi mai kyau kada ka bari ya wuce ka.

Akwai abin da za ka rasa, gara ka ji tun yanzu. Giya ta ɗaya a 4L60E tana ninka ƙarfin inji sau 3.06, a 4L80E kuwa sau 2.48. In aksil ɗinka na baya 3.73 ne, ninkin ƙarfin da ke isa taya a farkon tashi zai sauko daga kusan 11.4 zuwa 9.25. Za ka ji motar ta ɗan yi nauyin ƙafa daga tsaye, musamman da lodi. Ga shi ya fi tsohon nauyi da kimanin kilo 40, kuma yana cin ɗan ƙarfin injin kafin ya isar. Amma dubi ribar: in ka ja giya ta ɗaya har injin ya kai juyi 5,500 a minti, a 4L60E injin zai faɗo kusan 2,900 in ta biyu ta shiga, a 4L80E kuwa kusan 3,300 zai tsaya, inda turbo yake da iska. A kan hanya kuma, da taya mai tsayin inci 32 a gudun kilomita 110, injin zai zauna a juyi 2,000 ko kusa da haka a giya ta huɗu. In nauyin tashin ya dame ka daga baya, aksil 4.10 zai mayar maka da kusan rabin abin da ka rasa, sai dai da yake taka mai ƙafa huɗu ce dole a canza gaba da baya tare.

Allison 1000 da aka ambata maka giyabos ne na gaske. A 2001 aka fara saka shi bayan injin dizal na Duramax a manyan Silverado, da giya biyar, aka mayar da shi shida a 2006. Amma ƙato ne, ya kai kilo 150, yana da kwamfutarsa daban, kuma ba a yi ƙasan 1500 don shi ba. Sai an yanka ko an ɗaga bodi. Ga injin fetur irin naka, kuɗin da wahalar sun fi amfanin. Mai giya shida, 6L80 ko yayansa 6L90, shi ya fi jan hankali, don giyarsa ta ɗaya 4.03 ce, tashi da lodi kamar wasa. Matsalar ita ce kwamfutarsa a cikin kwanon mai take, kuma harshen da take magana da shi birenbos ɗin motar 2004, wato babbar kwamfutar motar, ba ya jin sa. Sai ka canza birenbos da wayoyi, ko ka sayi na'urar da za ta shiga tsakani. Kafin ka yi sha'awarsa ka tambayi kanka: in ya tsaya maka a Akwanga da yamma, wa zai duba shi? TH400 kuma ba shi da giya ta huɗu, a gudun nan na 110 injin zai yi ta kuka a kusan 2,700 yana shan mai. Na filin tsere ne, ba na mai zuwa gona ba.

In za ka saya, ka nemi na 1997 zuwa sama, domin a shekarar aka gyara hanyar da mai ke bi ya jiƙa haƙoran baya. Gane shi ba wuya: tsofaffin, bakunan bututun sanyaya mai guda biyu duk a gaba suke kusa da juna, a sabon, ɗaya ya koma can baya. Ka nemi wanda aka ciro daga mota mai ƙafa huɗu mai injin 6.0, da faranti mai haƙora na bayan injin da zoben da ke tare da shi. Kuma kada ka biya sai an kwance kwanon mai a gabanka. Akwai maganaɗisu a ƙasan kwanon. Ɗan laushin baƙi kamar kwalli a jikinsa ba komai ba ne. In ka shafa yatsa ka ji ɓurɓushin ƙarfe yana kartar ka, ko ka ga ƙyalli kamar garin tagulla, ko man ya yi baƙi yana warin ƙonannen tuwo, ka tashi. Na taɓa duba wani da aka wanke bayansa fes har yana sheƙi, da muka sauke kwanon sai ga gutsattsarin faiba kamar dusa sun toshe filta. Ko wanda ya fito da tsabta ma, ni shawarata a buɗe shi a sabunta faiba da robobi kafin ya hau mota. Giyabos ne da ya shekara goma sha ko ashirin yana aiki a wata ƙasa, kuma cire shi daga ƙarƙashin mota karo na biyu ya fi buɗe shi a benci tsada. A lokacin ne kuma ake saka kayan gyaran gidan bawul da ke ƙara matsin mai, da gyaran da ke ba kulocin giya ta uku cikakken matsi, wanda masu turbo ba sa tsallakewa.

Ba cire wancan a ɗaura wannan ba ne. 4L80E ya fi tsawo, don haka ƙarfen da ke tallafe shi zai matsa baya, farfelar baya za a rage ta, ta gaba a ƙara. Sandar da ke fita bayansa haƙora 32 gare ta, ta tsohon 27, ke nan sai an canza haƙorin shiga na akwatin ogzilare ko a samo wanda ya dace. Yana da sensar gudu ta gaba wadda tsohon ba shi da ita, sai an ja mata waya, a kuma sauya mazaunin wasu wayoyi a soket. Birenbos ɗin motarka zai iya tuƙa shi, amma sai an sake masa manhajar ɓangaren giya da na'ura irin HP Tuners. Wannan shi ne inda nake so ka fi taka-tsantsan. Ka samu mai wannan aikin tukuna, ka ga motar da ya taɓa yi, sannan ka sayi giyabos. Matsin mai da lokacin canjin giya duk daga nan suke fitowa, kuma saiti mara kyau yana ƙone sabuwar faiba cikin 'yan makonni.

Sai kwanbata, tukunyar nan da ke tsakanin inji da giyabos tana isar da ƙarfi ta hanyar mai. Masu tsere suna son wadda ke barin injin ya haura juyi 3,500 kafin ta kama sosai. Kai mai tirela ne, kada ka bi su. Duk zamewar da kwanbata ke yi zafi take zama. Ka tsaya tsakanin 2,000 da 2,400, kuma ka nemi mai ƙaƙƙarfan kulocin kullewa, wanda zai riƙe murɗar turbo ba tare da ya zame ba.

Zafin nan shi na fi ji maka tsoro. Man giya yana son zama tsakanin digiri 80 da 95. In ya riƙa haura 120, yana lalacewa da sauri, robobi su bushe, faiba ta fara ƙyalli. A ƙasar da rana kaɗai ke kai digiri 40 a watan Afrilu, ɗan bututun da ke ratsa lagireto ba zai isa ba. Ka ɗaura babbar kula ta daban, mai sanyaya man giya, a gaban lagireto inda iska ke dukanta, ka sa agogon zafin man giya inda idonka zai riƙa kai wa. Kuma tunda giyabos ya ƙone sau biyu a motar nan, tsohuwar kular da bututunta cike suke da ɓurɓushi. A canza su, ko a wanke su har sai mai ya fito garau. Ina zargin ma wannan yana cikin abin da ya kashe na biyun da wuri. Mai kuwa Dexron VI za ka zuba, daga wurin da ka amince da shi, a galan mai hatimi, don jabu ya yi yawa a kasuwa.

In ka ɗauko lodi, danna maɓallin jan kaya da ke bakin sandar giya. Da ka doshi Hawan Kibo ka sauko da ita ta uku da hannunka tun daga ƙasa, kada ka bar ta tana kai-komo tsakanin uku da huɗu a tsakiyar hawa, domin kowane canji a ƙarƙashin nauyi faiba yake ci. In agogon ya doshi 115, ka sauka gefen hanya, ka sa ta a P, ka bar injin yana aiki har zafin ya sauka. In ka kashe, man ya daina zagayawa ke nan. Turbo kuma ka jinkirta shi har giyabos ɗin ya yi 'yan watanni yana jan kaya lafiya, ka canza masa mai da filta sau ɗaya, ka ga abin da maganaɗisun ya tara. Allah ya tsare hanya.