Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan hoton ƙwaƙwalwar Baba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce. Kin ce an yi masa hoton ƙwaƙwalwa da ake kira MRI, takarda ta nuna ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa sun taɓu, likita ya ƙara masa maganin hawan jini ya ce ku koma bayan wata uku, ku kuwa kuna ganin kamar sallamarku aka yi. Kin ce takunsa ya gajarce, yana jan ƙafa, yakan fashe da kuka ba gaira ba dalili, har dangi sun fara maganar iska. Kina tambaya ko ana warkewa, ko ku haɗa kuɗi ku fita da shi Masar. Wallahi da na karanta sai da jikina ya yi sanyi, domin Ummata kika siffanta tun daga tafiyar har kukan.

Gaskiya kika nema, ita zan ba ki. Wurin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa ba ya komawa yadda yake. Amma ciwon yana tafiya ne a hankali, kuma ana iya rage masa gudu sosai. Wannan ƙwayar da kuka raina, ta hawan jini, ita ce babban maganin. Likitan bai sallame ku ba, bai dai zauna ya yi muku bayani ba, kuma mu nan duk mun san yadda layin asibiti yake.

Ga yadda wani likitan ƙwaƙwalwa ya fahimtar da ni. Akwai jijiyoyin jini sirara da suke nutsawa can cikin ƙwaƙwalwa, su suke ciyar da hanyoyin da saƙo ke bi daga wani sashe zuwa wani. Hawan jini na shekara da shekaru yana sa bangonsu ya yi kauri ya ƙanƙame, hanyar jinin ta tsuke. Ciwon suga da sigari da tsufa suna ƙara wa abin ƙarfi. Kamar lambun rani ne: babbar kwata na nan cike da ruwa, amma 'yan ƙananan da ke kai ruwa cikin fangali sun cushe, sai shukar can ƙurya ta dinga bushewa kaɗan-kaɗan ba wanda ya lura. Wuraren da jini bai isa ba su ne fararen tabon da ake gani a hoto. Ki duba takardar, wataƙila za ki ga an rubuta Fazekas da lamba a gefe, daga 0 zuwa 3 ake auna yawan tabon. Na Umma 2 ne lokacin da muka fara sani. Wani lokaci jijiya guda takan toshe gaba ɗaya ta bar ɗan rami da bai kai santimita 1.5 ba, mutum bai ma san ya yi ƙaramar shanyewar jiki ba. Wani lokaci kuma takan ɗiga jini ɗan mitsitsi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na shanyewar jikin da toshewar jijiya ke haddasawa daga wannan ciwon take fitowa.

Maganar iskar nan da dangi suka fara ita ce ta fi tayar min da hankali a rubutunki, don ita ta kassara mana Umma.

Muna cikin lallaɓawa, jininta ya sauka, tana zuwa ɗakin girki da kanta, tana zuwa barka da gaisuwa a unguwa da sandarta. Sai yayanta, Kawunmu, ya zo duba ta daga ƙauye. A gabansa kukan ya zo mata, tana cikin ba shi labarin jikarta, hawaye na zuba tana cewa ita ba abin da ke damunta. Jim kaɗan kuma sai dariya. Shi ke nan Kawu ya yanke hukunci: sammu ne, kuma abokiyar zamanta ce ta yi. Na kawo takardar hoto na nuna masa, ya ture ta da bayan hannu ya ce boko ya cinye min kai. Na kira yayyena maza, kowa ya ce Kawu uba ne, ba a ja da shi. Ina gidan mijina aka sa ta a mota aka tafi da ita, ko sallama ba a bari mun yi ba. Da na kira waya na ce don Allah a ci gaba da ba ta ƙwayoyinta, sai ya ce mai magani ya hana, wai ba a haɗa nasa da na asibiti. Na yi kuka, na roƙa, na haɗa shi da Allah, ya kashe waya. Daga baya ma ya daina ɗauka in ya ga lambata.

Hayaƙi aka dinga yi mata safe da yamma, da jiƙe-jiƙen da har yau ba wanda ya gaya min me ke ciki. Ranar wata Juma'a da safe aka miƙa mata kofin koko ya suɓuce daga hannunta, bakinta ya karkace. Aka ce iskar ce take fita, a bari a sauko daga masallaci. Sai bayan la'asar wata 'yar Kawun ta saci jiki ta kira ni. Lokacin da muka isa asibiti da ita dare ya yi, jininta ya haura 200, hoto ya nuna jijiya ta fashe can ciki. Ina tsaye a kanta, zaninta sai warin hayaƙi yake, busasshen koko a gefen bakinta na hagu ba wanda ya goge mata. Na buɗe jakarta neman katin asibiti, sai ga maganinta a ƙulle cikin baƙar leda yadda na ɗaure shi da hannuna, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba. 'Yar'uwa, ban taɓa jin abin da na ji a wannan daren ba, ko ranar rasuwar mahaifinmu.

Har yau Kawu bai ce min komai ba sai "haka Allah Ya ƙaddara". Na yi imani da ƙaddara, amma shi ya hana ta magani, kuma ya sani. Ina gaishe shi saboda zumunci, iyakarta ke nan. Matar da ya ɗora wa sharri kuwa, Inna, ita ce take kwana da Umma yanzu, ita take juya ta, ita take wanke mata zani. Ba wanda ya je ya ba ta haƙuri. Yayyen nawa da suka ce ba a ja da Kawu, yau sai dai su turo kuɗi da shawara ta waya.

Don haka ki tsaya da ƙafarki. Ba na hana addu'a, mu ma kullum muna tofa wa Umma, muna ba ta zamzam, ana yi mata ruƙiyya. Amma duk wanda ya ce a ajiye ƙwayar hawan jini, ko waye shi a gidanku, kada ki yarda. Haka mai kemis da zai auna ya ce jini ya daidaita a huta da magani. Maganin ne ya daidaita shi, ana dainawa zai koma.

Kukan Baba ba aljani ba ne, kuma sau da yawa ba baƙin ciki ba ne. Hanyoyin da ke riƙe kuka da dariya ne suka raunana, sai abin ya kuɓuce masa. In ya fara kada ku taru a kansa kuna salati, kunya za ta ƙara kama shi. Ki riƙe hannunsa ki canza hira, zai wuce. Ki gaya wa likita, akwai maganin da ke rage shi. Ki kuma lura ko ya daina sha'awar komai, ya bar rediyonsa, ya bar zaman majalisa. Mutane za su ce ya zama malalaci ko yana fushi da ku, alhali ciwon ne yake kashe himma. Wani lokaci kuma ciwon damuwa ne na gaske ya shigo, shi ma ana maganinsa.

Abin da ya ruɗa mu da farko, Umma ba ta manta mutane ba. Tana tuna sunan kowa har da ƙawayen aurenta. Tunanin ne ya yi nauyi. Matar da take riƙe adashen unguwa a ka sai ga shi lissafin cefane yana gagararta, ta zuba gishiri a miya ta sake zubawa, ta ɗora tukunya ta rasa me ke biye. In kin yi wa Baba tambaya ki ba shi lokaci, kada ki amsa masa, kada ki jero masa magana uku a haɗe. In yana kasuwanci ko yana riƙe da kuɗin mutane, a sa wani amintacce kusa da shi cikin mutunci tun kafin a cuce shi.

Ki sayi na'urar awon jini ta dantse ki ajiye a gida, da ɗan littafi. Safe da dare, ya zauna ya huta minti 5 kafin a auna, ki rubuta, ki tafi da littafin ranar asibiti. Yawanci ana so ya zauna ƙasa da 130 bisa 80, amma likitansa ne zai faɗi nasa, don tsoho in an saukar da shi da gaggawa jiri zai dinga ɗibarsa in ya miƙe. A Amurka an yi wani babban bincike kan mutum sama da 9,000, sakamakonsa ya fito a 2019, aka ga waɗanda aka matsa wa jininsu ya sauka sosai sun fi tsira daga raunin tunani, fararen tabon nan ma ba su yaɗu da sauri a kansu ba. Wannan ne ya ƙarfafa min gwiwa lokacin da nake ganin kamar wahalar banza muke yi.

Kada ki saya masa asfirin da kanki don an ce yana tsinka jini. In hotonsa ya nuna ɗigon jini, zai iya jawo abin da ake gudu. Likita ne zai duba ya ce a sha ko kada a sha. Magungunan ciwon gwiwa irin su diklofenak da tsofaffinmu ke sha kamar gyaɗa suna tayar da hawan jini suna taɓa ƙoda, ki bincika aljihunsa da ƙarƙashin matashinsa. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen da muke jefawa a miya da yajin tsire duk a ciki suke. Mu tukunya ɗaya muka koma yi wa kowa, don in aka ware masa tasa lami zai ƙi ci. A duba sugansa da kitsen jininsa. Kafin azumi ku je ku tambayi likita yadda za a yi da lokutan magani, ko ma ya dace ya yi azumin.

Faɗuwa ita ce abin tsoro a wannan tafiyar tasa. Ki ɗauke tabarmi da dardumar da ke naɗewa a hanyarsa, ki raba shi da silifas mai santsi. Fitsari zai dinga matsa masa ba shiri, to a ajiye fo kusa da gado da fitila, kada ya fita tsakar gida cikin duhu. Masan tsuguno yana ba su wuya, kafinta ya yi mana kujera mai rami, aka kafa ƙarfen dafawa a bango. Alwala a zaune, salla ma in ta kama a zaune. Amma kada ku kwantar da shi ku ce ya huta, zama ne yake kashe ƙafar. Ya taka kullum da wani a gefensa, ku nemi masu gashin ƙashi na asibiti su koya muku motsa jikin da ya dace. In ya fara ƙwarewa da ruwa ko tari lokacin cin abinci, ki faɗa wa likita da wuri, a dinga zaunar da shi sosai, a yi masa kunu mai kauri.

Batun Masar, ni dai ban ga amfaninsa ba. Jijiyoyin sun yi ƙanƙantar da ba a yi musu tiyata, ƙwayoyin da za a ba shi can su ne dai na hawan jini, amlodifin da 'yan'uwansa da ke hannunku. Ku nemi a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa mafi kusa da ku, kuɗin jirgin kuma ku ajiye, don maganin wata-wata da gashi da mai taya ku jinya za su cinye shi.

Ranar da kuka ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da ya warware bayan 'yan mintoci, a tafi asibiti nan take. Ba a jiran a sauko daga masallaci, ba a jiran babban wa ya zo. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, zai iya shaƙewa. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi na farko take aiki.

Ke ma ki auna naki, da duk 'yan ɗakinku. Binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a Najeriya da Gana ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo shanyewar jiki a mutanenmu. Ni a jinyar Umma aka gano nawa, yanzu tare muke shan magani. In kuma a danginku akwai waɗanda suka shanye tun suna 'yan shekara 40 ba tare da hawan jini ba, ga ciwon ɓarin kai mai tsanani, ki ambata wa likita, domin akwai wani nau'in na gado da ake kira CADASIL, ko da yake ba shi da yawa.

Ki turo min lambar da aka rubuta a gaban Fazekas da awon jininsa na kwanakin nan. Sannan ki gaya min, a hannun wa maganin Baba yake yanzu, kuma wa yake tsayawa ya ga ya haɗiye? In ba kowa, ki karɓe shi yau.