Tambayi Likita: Shayin Kakanni, Goro da Ɗumamen Safe

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Kakana ya yi aiki a masaƙa a Kakuri da ke Kaduna, kuma kullum da asuba sai ya sha shayi da ƙwayar sukari shida da madarar gwangwani kafin ya fita, amma ya haura shekara 80 bai taɓa kwanciya a asibiti ba. Ni ma haka nake sha, sai matata ta ce ina neman wa kaina ciwon suga. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Daga wani ma'aikacin ofis a Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan kakanka, amma a wannan shari'ar uwargida ce ke da gaskiya. Kowace ƙwayar sukari tana da nauyin giram 4 zuwa 5, ka ga ƙwaya shida ta kai giram 24 zuwa 30, ba a ma lissafa madarar ba idan mai zaƙi ce. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da baligi ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, ta kuma ce ya fi alheri a tsaya a giram 25. Wato kofinka na safe shi kaɗai ya cinye kason yinin nan mafi alheri tun rana ba ta ɗaga ba.

Ka kuma duba yadda ranar kakanka take. Mutumin da ya taka keke ko ya tafi da ƙafa zuwa masaƙa, ya wuni a tsaye gaban inji, ya dawo ya ci tuwon dawa da miyar kuka, mai yiwuwa wannan shayin ne kaɗai zaƙin da ya shiga bakinsa a ranar. Kai kuwa a zaune kake wuni, kuma ina kyautata zaton lemon kwalba ko biskit ba sa rasa hanyar teburinka. Akwai wani abu kuma da muke mantawa idan muna kafa hujja da tsofaffi: waɗanda suka yi tsawon rai su muke tunawa, amma abokan aikinsu da suka rasu suna da shekara 50 ba tare da an taɓa auna jininsu ba, babu mai kawo su misali a zaure. Ka riƙa rage ƙwaya ɗaya kowane mako har ka tsaya a ɗaya ko biyu, domin harshe yana sabawa idan aka bi shi a hankali. Ka kuma je a yi maka gwajin suga da safe kafin ka karya, musamman idan akwai mai ciwon a danginku.

Tambaya: Likita, ina da cikin wata biyar, kuma a wurin awo an ce jinina ya yi ƙasa. Kakata takan dafa mini shayi da citta da kanumfari da zarar na gama cin abinci, ta ce haka suka yi a zamaninsu. Ya halatta in ci gaba? Daga wata uwa a Rigasa.

Amsa: Allah ya raba lafiya, 'yar'uwa. Citta da kanumfari daidai gwargwadon da ake sa wa shayi ba abin tsoro ba ne, ita citta ma tana rage tashin zuciya. Matsalar tana cikin ganyen shayin da lokacin shansa. Ganyen yana ɗauke da sinadarin tanin, wanda ke kama sinadarin ƙarfen da ke cikin wake, alayyahu, zogale da hatsi tun yana cikin hanji, ya hana jiki ɗaukarsa, alhali da wannan ƙarfen ne ake haɗa jini. Ki bar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, kuma kada ki haɗiye ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ki da shayi ko madara, sai da ruwa. Idan kin samu lemon zaƙi ko gwaba bayan abinci, su kan taimaka wa jiki ɗaukar ƙarfen. Ki faɗa wa kaka cikin ladabi ta ci gaba da dafa miki kayan ƙamshin, ta dai cire ganyen.

Tambaya: Kakanmu yakan sha gahawa ko ataya mai zafin gaske bayan Isha, da goro a bakinsa, ya kuma yi barcinsa. Ni na gaji ɗabi'ar, amma barci yana gagara ta. Daga wani matashi a Unguwar Rimi.

Amsa: Ɗan'uwa, gahawa da ataya da goro duk suna da sinadarin kafeyin mai hana barci, kuma jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabin abin da aka sha, shi ya sa rabin abin da ka sha ƙarfe tara na dare yake nan a jininka har ƙarfe biyu. Mutane sun bambanta wajen saurin da hantarsu ke narkar da shi, saboda haka haƙurin jikin kakanku ba lallai ne ya zama naka ba. Baligi mai lafiya zai iya kaiwa miligiram 400 a yini, wato kimanin kofi huɗu na gahawa, mai ciki kuwa ana so ta tsaya ƙasa da 200, amma mai fama da rashin barci ya daina tun daga La'asar.

Zafin ma ina da magana a kansa. A shekarar 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yawan shan abin da zafinsa ya wuce digiri 65 a ma'aunin Celsius yana iya jawo ciwon daji a hanyar da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki. Laifin na zafin ne, ba na ganyen ko gahawar ba. Ka bar kofin ya huce na 'yan mintuna.

Tambaya: A gidan kakanninmu da ɗumame ake karyawa, kuma a kwano ɗaya yara ke ci. Yaran yanzu suna cewa ƙazanta ce. Daga wata Hajiya a Kawo.

Amsa: Hajiya, ɗumame ba shi da laifi idan an rufe tuwon da miyar da kyau, aka kuma tafasa su da safe har zafi ya ratsa tsakiya, ba a ɗan gasa gefe kawai ba. Shinkafa ce na fi jin tsoro, domin akwai ƙwayar cuta da ke barin guba a cikinta idan ta kwana a waje, gubar da ɗumamawa ba ta kashewa, don haka ko a sa ta a firji cikin awa biyu ko a dafa daidai ci. Kwano ɗaya kuwa yana koya wa yaro ladabi, yana kuma sa mai ƙyuyar ci ya ci. Abin da nake roƙo a canza shi ne wanke hannu a ƙwarya guda, inda na ƙarshe ke wanke nasa da dattin na farko. A zuba wa kowa ruwa daga buta, a sa sabulu, kuma yaron da ke gudawa ko amai a ware masa nasa kwanon har ya warke.