Ku fara zuwa wajen dagaci, taki ya biyo baya

Ka ce gidanku ɗaki uku ne, ga 'yan uba ga agololi, kun sami wata gajiyayyiyar gona a hanyar Gezawa, kuna so ku raya ta ba da takin zamani ba, ta ina za ku fara? Yaro, gonar ta wa ce? Wannan za ka fara amsa mini. Yadda ake huɗa da shuka kuwa kada ka ɓata mini lokaci, ɗan shekara goma ma ya sani.

Wani mai kuɗi ya taɓa ba ni aron fili a bayan Ungogo. Fako ne, wuta-wuta ta gama da shi, dawa ba ta kai ƙugu. Ya ce in noma har in gaji. Na shiga jigilar taki a kan jaki daga cikin Birni kamar yadda iyayenmu suka yi, kashin awaki da toka da shara, ina tsince leda da hannuna. Ban yarda a ƙona kara ba. Duk gawon da ya tsiro sai in kewaye shi da ƙaya, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, kuma geron gindinsa ya fi na ko'ina. Na yi layi biyu dawa, layi huɗu wake, irin yadda mutanen IITA, cibiyar binciken noma, na nan Kano suke koyarwa. Shekara da shekaru ina wannan wahala har ƙasa ta yi baƙi, ta fara riƙe ruwa. Rana ɗaya sai ga shi da masu awon igiya. Aka yanka filaye, aka sayar wa masu itace gawona. Ko kuɗin jaki bai ba ni ba, wai ai aro ne. Har gobe in na bi ta wurin na ga bulo a kan ƙasar nan, raina ɓaci yake.

To ku da kuke da yawa, naku ya fi haɗari. Idan gado ce, a raba ko a rubuta gaban dagaci da shaidu cewa tare za a noma. Agola ba ya gadon mijin uwarsa, saboda haka a yanka masa rabonsa na amfani tun yanzu, kada ya zuba gumi a kore shi daga baya. Iyayenku mata masu awaki su ne masu takin, harawa haƙƙinsu ce, kowane ɗaki da nasa kaso.

Ku yaran yanzu kun ga bidiyo a waya, kuna so damina ɗaya ta cika rumbu. Matacciyar ƙasa ba ta tashi haka, kuma wanda ba zai iya ɗaukar kwandon taki a ka ba ya zauna a gida. Kada kuma ka karɓi shara daga mai tifa ba ka tona ta ba, balle wadda ta fito daga wajen masana'antun fata na Challawa. Ranar Asabar ka zo mini da babban wanku, da shi zan yi sauran maganar.